Harafi Ɗaya da Lamba Huɗu a Tsakiyar Tenere

Ranar Litinin kowa a Agadas sauri yake yi. Shekara da shekaru, ranar ce ayarin motocin da sojoji ke rakawa yake ɗaukar hanyar Dirku, kuma duk direban da ya san ciwon kansa ya fi son ya bi sahu da ya tsunduma cikin Tenere shi kaɗai. Daga inda motoci ke taruwa ana hango hasumiyar babban masallacin garin, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake ta a 1844. Amma a irin wannan rana ba mai ɗaga kai. Idon kowa na kan taya, da igiya, da durom ɗin mai, da jarkokin ruwa da aka naɗe da buhun algarara don kada rana ta dafa su.

Cikin wannan hayaniya akwai motoci biyu da suka yi alkawarin ba za su rabu ba har Bilma. Ta farko Land Cruiser ce a-kori-kura, fentinta duk ya koɗe, mai ita wani dattijon Buzu ne da ya fara bin wannan hanya a bayan raƙumi kafin ya kama sitiyari. Ta biyu Hilux ce mai shan gazuwal, 'yar Turai da ta shigo ta Kwatano, ta wani Alhaji ɗan Damagaram da ke kai shinkafa da sukari da taliya Kawar, ya dawo da dabino da gishiri. Ban da direba da yaron mota, Alhaji ya taho da ɗan ƙanensa, saurayin da ya yi koyon aikin rewaya a Kano. A aljihun rigar saurayin akwai wata 'yar na'ura shuɗiya da ba ta kai rabin tafin hannu ba. Da ya nuna wa dattijo ita a tasha, sai dattijo ya juya ta gaba da baya, ya miƙa masa abarsa, ya ci gaba da ɗaure kaya.

Yana da dalilinsa. Injin da ke cikin motarsa shi ne 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fitar a 1990. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba ya neman izinin kwamfuta. In ya tashi, wutar da yake bukata ba ta wuce ta 'yar wayar da ke buɗe hanyar mai ba. Direbobin hamada sun san yadda ake ɗora jarka a kan rufin irin wannan mota, a ja tiyo kai tsaye zuwa famfo, a ci gaba da tafiya ko da tanki ya fashe. Ita kuwa Hilux ɗin Alhaji injinta 2KD ne mai lita 2.5, na zamanin da ake tara mai a bututu guda a matse shi, sannan kwamfuta ta riƙa buɗe injekta tana rufewa a daidai lokacin da ta ga dama. Matsin da ke cikin wannan bututu in mota ta ɗauki nauyi yana haura bar 1,000. Iskar da ke cikin taya ba ta wuce bar 2 ko 3. Injin ya fi shiru, ya fi tsimin mai, ya fi ja idan aka kwatanta da girmansa. Sai dai ba ya haƙuri da ƙazamin mai ko kaɗan.

Kwalta ba ta raka su ko'ina ba. Daga Agadas zuwa Turayat hanya ce ta tsakuwa da ƙoramu busassu, duwatsun Abzin na hagu suna ja da baya sannu a hankali. Can gaba ƙasa ta fara laushi, aka tsaya aka rage wa tayoyi iska don su baje a kan rairayi. Daga nan sai fili. Babu gari, babu tsiro, sai sawun tayoyin waɗanda suka riga wucewa, shi ma in iska ta bar shi.

Alamar farko da kowa ke jira ita ce Bishiyar Tenere, wadda yanzu ba bishiya ba ce. Itaciyar ƙaya ce da ta yi zamanai tsaye ita kaɗai kusa da rijiya, madugan ayarin gishiri suna saita hanya da ita, kuma ba a taɓa yarda wani ya sare reshenta don dafa shayi ba. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an iske saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana bin ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin Tenere, ita ya samu. Gawarta na gidan tarihi na Yamai, a wurinta kuma an kafa wata ta ƙarfe. Matafiyan suka yi salla a nan, suka sha ruwa, suka miƙe gabas.

Bayan la'asar ne abin ya faru. Sun shiga wani dogon yashi mai laushi wanda in ka ɗaga ƙafa daga totur ka zauna ke nan. Direban Hilux ya sa ƙaramar giya ya taka sosai, injin na kuka, sai kawai motar ta saki jiki. Fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari. Motar ta ɗan ja da kyar, ta yi tari, ta mutu. Ya murza makulli ta tashi, ya taka, ta sake yin yadda ta yi. Sauran ayari ya ci gaba, ƙurarsa na raguwa. Land Cruiser kaɗai ta zagayo ta dawo.

Mutumin birni ba zai gane irin shirun da ke biyo bayan mutuwar inji a wannan wuri ba. A ƙarshen watan Mayu na 2017, mutum 44, akasarinsu 'yan Gana da Najeriya, sun mutu da ƙishirwa a tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance. Su ma mota ce ta tsaya musu. Kowa a motocin nan biyu ya san waɗannan labarai, don haka ba wanda ya ɗauko zancensu.

"Kawo safana mai lamba goma," in ji direba ga yaronsa. "A cire kan batir, ta huta, a mayar."

Wannan shi ne maganin da ya fi kowane yaɗuwa daga Kano har Sabha, kuma wani lokaci yakan kashe fitilar. Saurayi ya yi wuf ya dafa bonet.

"Don Allah maigida, a dakata. In aka cire batir, abin da motar ta rubuta zai iya gogewa. Bari mu ji me ta gani tukuna."

Direba ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi rana, ya ce, "Ku ba shi minti goma."

Saurayin ya durƙusa a ƙofar direba, ya laluba ƙarƙashin sitiyari har ya samo soket mai rami 16, ya cusa na'urarsa, ya buɗe makulli ba tare da ya tayar ba. Wayarsa ta haɗu da na'urar ta bulutut. Ba a bukatar sabis, wanda dama an baro shi tun bayan gari. Abin mamaki shi ne ba don matafiyan hamada aka ƙirƙiro wannan soket ba. Hayaƙin motoci ne ya addabi jihar Kalifoniya, hukumomin can suka matsa sai kowace mota ta riƙa sa ido a kan kanta, ta kunna fitila in wani abu ya karkace. Daga 1996 tsarin da ake kira OBD-II ya zama dole ga ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka. Turai ta bi sahu, masu fetur a 2001, masu gazuwal a 2004. Shi ya sa motar da aka ƙera don titin Faransa ko Beljiyam take iya yi wa ɗan rewaya na Kano bayani a bayan Bishiyar Tenere.

A fuskar wayar rubutu ya fito: P0093.

Kowace lamba haka take, harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. P na nufin inji da giya. Da B ce, da zancen gangar mota ake yi, irin su jakar iska. C na wajen birki da ƙafafu, U kuma saɓani ne tsakanin kwamfutocin motar su kansu. Sifirin da ke bin harafin na nuna lambar ta kowa da kowa ce, ma'anarta ɗaya ko a Toyota ko a Nissan ko a Peugeot. Da 1 ne a wurin, to ta kamfani ce, sai an nemi littafinsa; mutane da yawa sun sayi kayan da ba su bukata saboda sun karanta ma'anar P1 ta wata mota sun ɗora wa tasu. Ita wannan da ta fito, fassararta a fili take: an gano babban yoyo a hanyar mai. Shi ne ma ya sa kwamfutar ta karya ƙarfin injin sannan ta kashe shi, don man da ke fesowa da irin wancan matsi a kan inji mai zafi gobara ce.

Jin kalmar yoyo, yaron mota ya riga ya shige ƙarƙashi. Ya bi tiyo daga tanki har gaba, ya fito da yashi a ƙeya ya ce bai ga ɗigo ba. Aka buɗe bonet, aka haska bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya: a bushe, sai ƙura. Da aka tayar da mota, direba ya kai hannu zai shafa su inji na aiki, saurayi ya janye masa hannu, domin siririn man da ke fita daga irin wannan bututu yana huda fata ya shige tsoka. Aka zaro sandar duba baƙin mai ko gazuwal ya zurare ciki. Bai ƙaru ba, ba ya kuma wari.

"To ga kwamfutarka," in ji direba. "Ta ce yoyo, ƙasa a bushe."

A nan ne mafi yawan masu riƙe da irin wannan na'ura suke ɓata, ko su ce ƙarya take yi, ko su rufe ido su bi ta. Kwamfutar mota ba ta da ido. Ba ta ga mai yana zuba ba. Abin da ta sani kawai shi ne ma'aunin da ke jikin bututu ya ce matsi ya faɗi fiye da yadda lissafinta ya ba ta, sai ta zaɓi sunan da aka tanadar wa wannan faɗuwa. Kamar uwargida ce da ta leƙa randa ta ga ruwa ya ja baya ta ce randa ta tsage, alhali mai garuwa ne bai zo ba. Matsi na iya faɗuwa don mai na fita ta inda bai kamata ba, yana kuma iya faɗuwa don bai iso ba tun farko.

Saurayin ya buɗe shafi na biyu, wanda da an cire batir mai yiwuwa da ya tafi. Duk lokacin da kwamfuta ta rubuta lamba, takan adana halin da injin yake ciki a wannan daƙiƙa: juyinsa, gudun mota, zafin ruwa, nauyin da yake ɗauke da shi. Shafin ya nuna injin na juyi da ƙarfi, mota na tafiya a hankali, nauyi ya kai maƙura, zafin lagireto daidai. Ya sa aka sake tayarwa, ya duba matsin bututu inji na zaune: yana nan tsaye, bai motsa ba. Da ɓaraka ce ta gaske, in ji shi, da wuya ta jira sai an shiga yashi. Wannan inji ne da abincinsa ke isarsa in yana hutawa, ya kasa isarsa in ya yi aiki.

Duk wannan lokaci dattijo na tsugune a inuwar motarsa, bai ce uffan ba. Da ya ji haka sai ya miƙe, ya gyara amawali.

"Alhaji, ina kuka sha mai na ƙarshe?"

Aka yi ɗan jim. Ashe da safe, gudun dogon layi a gidan mai, an cika tanki daga wani durom a bayan tasha, kuma durom ɗin ya kusa ƙarewa har sai da aka karkata shi.

Dattijo bai ƙara tambaya ba. Ya sa aka yanke gindin robar ruwa, ya tara a ƙarƙashin filtar mai, ya kwance 'yar kusar da ke gindinta, ya riƙa danna famfon hannu da ke samanta. Abin da ya fara fitowa ba gazuwal ba ne. Ruwa ne mai launin shayin da aka manta a buta, ga ƙasa-ƙasa na yawo a ciki. Da ya ɗaga robar a saitin rana, kowa ya ga layin da ya raba su: ruwa a ƙasa, mai a sama. Filtar kanta da aka zaro ta fito baƙa ƙirin, takardarta ta manne da laka. A gefe kuma ga wata waya tana reto, ta ma'aunin da ya kamata ya yi gargaɗi tun ruwan bai taru ba. Wani bakanike ne a can baya ya zare ta, wataƙila don mai mota ya yi ƙorafin fitila na damunsa.

Sa'ar da aka yi ita ce direban, duk da gardamarsa, ba ya fita hamada babu sabuwar filta a bayan kujera. Aka shimfiɗa tsumma, aka juya wa iska baya, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta wuce filta ta isa ta ci injekta. Aka ɗaura sabuwar a bushe, aka danna famfon hannu har ya yi tauri. Dattijo ya ɗauko safana zai sassauta bututun injekta ya fitar da iska, yadda yake yi wa tasa motar tun fil azal.

"Baba, wannan ba a kwance mata nan," in ji saurayi. "Ita take fitar da iskarta."

Dattijo ya dube shi, ya mayar da safana aljihu. "To, taka ce. Tayar mu ji."

Ta ɗan yi gardama, ta tashi. Sai a lokacin saurayin ya ɗauki hoton lambar da shafin bayananta, ya goge, ya mayar da wayar da ke reto. Aka sake shiga yashin nan da ya kayar da ita, direba ya taka har ƙasa, ta ratsa ta fita. Aka tsaya aka sake karantawa, ba abin da ya dawo. Ragowar ruwan da ke tanki kuwa sai aka riƙa tatse shi daga gindin filta a duk inda aka yada zango, man jarka kuma ba a ƙara zuba shi ba sai ta cikin ƙyalle, ana barin na gindi.

Da a birni abin ya faru, ba wuya a faɗi yadda za ta kaya. A garejin da yawa, "sa wa mota kwamfuta" ya zama sana'ar minti biyar: a cusa na'ura, a karanto lamba, a danna gogewa, a karɓi kuɗi, fitila ta dawo kafin mai mota ya kai gida. In kuwa aka tashi gyara, sai a fara daga mai tsada. A kan wannan lamba ɗaya ana iya sa mutum ya sayi bawul ɗin da ke bayan famfo, wanda gaskiya yakan lalace a waɗannan injuna, in ba ta bari ba a ce injekta huɗu, in ba ta bari ba a ce famfon ɗungurungum, filtar da ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba tana zaune ba wanda ya leƙa ta. Su ma masu motoci ba su tsira daga laifi ba. Akwai wanda fitilarsa ta shekara a kunne saboda wata ƙaramar matsala ta hanyar hayaƙi, har ya manna mata sitika. Ranar da babbar matsala ta zo, fitila ɗaya ce, kuma dama a kunne take.

Na'urar saurayin ma ba waliyiya ba ce. Irin ta ELM327 ce, wadda wani kamfanin Kanada ya fara yi, kasuwa kuma ta cika da kwaikwayonta na Sin, wasu na aiki wasu ko haɗuwa ba sa yi. Lambobin inji na gama-gari take karantawa. Na birki da na giyar ƙafa huɗu galibi sai babbar na'ura ko manhajar kamfani. Sannan ba kowace Hilux ce ke amsa mata ba. Waɗanda aka ƙera don kasuwannin da dokar Turai ko ta Amurka ba ta shafa ba, irin masu shigowa ta Dubai da Libiya, wasunsu soket ɗin na nan amma yarensu na Toyota ne kaɗai. A irin waɗannan tsohuwar dabara ke aiki: a haɗa rami na 4 da na 13 da guntun waya, a buɗe makulli, fitilar inji ta riƙa ƙiftawa ana ƙirgawa. Ƙiftawa bakwai, ɗan shiru, sannan takwas, shi ne 78, wanda ya tattara matsalolin famfo da matsin mai wuri guda. Sai dai a lura, rami na 16 wutar batir ce kai tsaye. Wanda ya kuskure ƙirga ya sa waya a can zai ƙone fiyus, in ya yi rashin sa'a ya haɗa da abin da ya fi fiyus.

Sun kwana kusa da rijiyar Ashegur, suka cim ma wutsiyar ayari washegari. Da dutsen Kawar ya bayyana a gabas, dogo baƙi, da korayen dabino a gindinsa, yaron mota ya yi kabbara. Dirku gari ne na sojoji da 'yan tireda da masu jiran motar Libiya, ba a daɗe ba aka sauke rabin kaya aka gangara kudu. A Bilma, a ramukan gishiri na Kalala, Barebari na nan suna zuba gishiri a cikin ma'auni suna kifewa ya bushe ya zama kantu, irin wanda raƙuman Buzaye ke ɗauka duk kaka zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Alhaji ya shiga ciniki. Dattijo kuwa ya kira saurayin gefe ya tambaye shi kuɗin na'urar, ba don motarsa ba, don ta ɗansa, wanda ya sayi Land Cruiser mai fetur V6, ita ma da ƙwaƙwalwarta.

Tambayar ta dace da lokaci. Hilux ta fara zuwa da injin 1GD mai lita 2.8 tun 2015, kuma a 2023 Toyota ta sa wannan injin a cikin Land Cruiser 70 kanta, motar da tun 1984 direbobin hamada ke taƙama da cewa guduma da waya sun isa gyaranta. Masu 1HZ za su ci gaba da lallaɓa nasu, amma kowace shekara motocin da ke taruwa a bakin Agadas masu soket sai ƙaruwa suke yi.

Don haka duk mai niyyar wannan hanya da motar zamani, ya gwada na'urarsa a jikin motarsa tun tana gareji ya tabbata suna jin yaren juna, ya sauke jerin lambobin injinsa a waya tun yana da sabis, ya sa a gyara abin da ya kunna fitila maimakon a goge shi, ya kuma sayi filtar mai biyu, ba ɗaya ba.